Yadda Na Kai wa Liman Kayan Caca

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ranar da na tanƙwashe ƙafa a gaban dattawan garinmu, na fuskanci alƙibla, ina koya musu yadda ake wuridi da kayan caca. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ga shi kuwa furfura ta riga ta gama da kaina. Jikokina sun sha jin labarin daga bakin kakarsu, wadda take ƙara masa gishiri kowace shekara, don haka gara ni ma in faɗi nawa tun da sauran haƙora a bakina.

Garinmu ƙaramin ƙauyen Hausawa ne a Jazira ta ƙasar Sudan, tafiyar hantsi a kan jaki zuwa kasuwar Haj Abdalla. Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu, auduga ta riƙe su. A lokacin da nake ba ku labari Turawa ba su daɗe da tafiya ba. Kowa a garin ko dai yana da hawasha (gonar audugar da hukuma ke ba mutum ya noma) ko yana ƙwadago a ta wani, in ban da gidanmu. Mu duwatsun ado muke yi. In ruwan kogi ya janye bayan damina, sai mu je bakin gaɓa mu tsinto tsakuwar aƙiƙ, a binne ta a tukunya cikin toka mai zafi har ta yi ja, a fasa, a rage ta da 'yar guduma, sannan a zauna a yi ta guga a kan faifan dutse da ruwa da yashi har ta zama tsakiyar da mata ke ratayawa a wuya. Babana ya rasu ya bar mini gudumar, da faifan, da bakan huda dutse. Ya kuma bar mini wani hali nasa: shi mutum ne da bai taɓa iya buɗe baki ya ce bai san abu ba.

To, a shekarar nan ina neman Hajara, 'yar limaminmu Malam Haruna. An kai gaisuwa an karɓa, saura a sa rana. Amma kowa ya san neman aure a gidan Malam kamar tafiya ce a kan gindin kunya bayan an sako ruwa, kuskure kaɗan sai ka ji ka a ƙasa. Kafin ni akwai Sale Direba, mai jan lori tsakanin Madani da Managil, wanda magana ta yi nisa da shi. Wani ya zo ya ce ya gan shi yana karta a tasha, shi ke nan aka mayar masa da kayansa a ranar. Malam ya rantse a gaban jama'a cewa ko maza sun ƙare ba zai ba ɗan caca 'yarsa ba. Ni kuwa wannan rantsuwa ta yi mini daɗi ƙwarai, don iyakar sanina da caca shi ne ana yin ta da wuri, ana yin ta da karta, kuma ban taɓa taɓa ko ɗaya ba. Ina son Hajara so na gaske, irin wanda in na hango ta a bakin tur'a, wato babbar magudanar ban ruwa, tana ɗibar ruwa sai in manta inda za ni.

Wata ranar kasuwa ina zaune a kan tabarmata a Haj Abdalla, sai ga wani Balarabe, Afandi Babikir, ma'aikacin ofishin ban ruwa. Jallabiyarsa fara fat, ga carbi mai tsada yana lilo a hannunsa. Ya tsuguna ya jujjuya tsakiyoyina, sannan ya zaro wani ɗan abu daga aljihu ya ajiye a tafin hannuna. Na ƙashi ne, ya tsufa har ya tsage. Fuska shida gare shi, kowacce da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, daga ɗaya har zuwa shida. Na san kun gane shi. Yau ko yaron goye ya san ɗan lido. Ni a ranar nan, da gemuna da komai, ban taɓa ganinsa ba.

"Ya Haj," in ji shi da Larabci (su kowane Bahaushe Haj ne a wurinsu, ko bai taɓa ganin teku ba), "ka san wannan?"

Mai agashe, wato mai tsire, da ke gefena ya miƙo wuya yana jiran amsa. Jiya-jiya na gama cika masa baki cewa babu abin da ba zan iya fitarwa daga dutse ba. Sai na ɗaga abin sama, na kanne ido ɗaya kamar yadda Baba ke yi, na ce, "Wannan? Ai mun saba yin sa."

Ya ce guda biyu yake so, na jan dutse, kuma su yi daidai da juna kamar tagwaye. Na ce an gama. Ya tafi ya bar ni da abin a hannu, ina ta murmushin masu sani, alhali cikina babu komai sai tambaya.

Aikin ya ba ni wuya fiye da duk abin da na taɓa yi. Tsakiya mai zagaye tana da haƙuri, in ka zarce a nan ka goge can, ba mai ganewa. Wannan kuwa kowace fuska sai ta yi daidai da 'yar'uwarta. In na goge gefe ɗaya sai ɗayan ya yi tsawo, in na bi shi sai na farkon ya yi tsawo. Dutsen da na fara da shi ya fi ƙwallon dabino kauri, na bi shi da gyara har ya koma ƙwayar dawa. Sai da na yanka ɗan tsagi a murfin gwangwani ina gwada kowane gefe a ciki, sannan abin ya fara kama hanya. Ga kuma ɗigon. Kowanne sai ka ɗora ƙusa, ka zuba yashi mai laushi da ɗigon ruwa, ka yi ta jan baka a hankali har ramin ya fito. Akwai wanda na gama komai nasa, ina kan ɗigo na ƙarshe a fuskar shida, ya ce ƙas ya rabe biyu. Na zauna ina kallonsa kamar an yi mini rasuwa. Yatsuna duk suka sule, ko tuwo mai zafi ba na iya taɓawa.

Duk wannan bai dame ni ba kamar rashin sanin abin da nake yi. Ina guga ina tunani. Da farko na ce ma'aunin zinariya ne, to amma me ya kawo ɗigo? Na ce ko hatimi ne irin na malaman birni. Na ce ko maɓallin riga ne, sai na ga ba shi da huda. Inna ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo.

"Wai wanga abu mi na na?"

"Kayan mutanen birni na, Inna."

"Na ji na birni na. Mi aka yi da shi?"

"Ba ki ganewa ko na hwaɗa miki."

Ta taɓe baki ta ce, "Awa ubanka," ta wuce madafa.

Amsar ta zo mini wata safiya a ƙofar masallaci. Malam Haruna yana zaune a gindin dogonyaro yana wuridi, ga ƙwallayen dabino a gefensa. Haka tsofaffinmu ke yi, duk sanda carbi ya zagayo sai a ture ƙwallo ɗaya gefe don kada lissafi ya ɓace. Ina tsaye ina jiran ya ɗago in gaishe shi, sai ga wata kaza ta biyo da gudu, zakara na bin ta, ta bi ta kan ƙwallayen ta watsar. Malam ya dubi ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya tattara su ya faro daga farko.

Nan take na ji kamar an buɗe taga a kaina. Carbin Afandi! Ɗigo ɗaya, zagaye ɗaya. In carbi ya sake zagayowa ka juya zuwa biyu. In ka kai shida, sai ka juya ɗan'uwansa, shi ya sa ake yin su biyu-biyu. Ba kaza, ba akuya, ba ɓatan lissafi. Na ce lallai mutanen birni sun ci gaba, har ibada sun samo mata dabara. Na koma gida da sauri na gwada da wani karkatacce da na yar a gefe, abin ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Na kira Inna na yi mata bayani da muryar wanda ya daɗe da sani. Ta ce masha Allahu, ta karɓi karkataccen ta ƙulle a bakin zane, daga ranar ta koma wuridi da shi.

Da na kai wa Afandi nasa, na cike ɗigon da farar ƙasa da ƙaro, na goge su a kan fata har suna ɗaukar ido. Ya karɓa ya dunƙule a hannu, ya karkaɗa, ya watsa su a kan tabarmata suka yi ta birgima. Na ce a raina wannan wane irin riƙon kayan ibada ne? Sai kuma na ba kaina amsa (ni fa ba na rasa amsa): gwadawa yake ya ga ko akwai tsaga.

Na ce masa, "Allah ya karɓa. In ka zauna yi, ka sa mu a ciki."

Ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce, "In na yi nasara da su, ya Haj, shayinka a kaina yake."

Na ce amin. Nasara a kan Shaiɗan ai ba ƙaramin abu ba ce.

Tun a kan jaki na yanke shawara. Wa ya fi cancanta da irin wannan abu in ba Malam ba? Sauran samari kai da goro suke zuwa gidan surukai, ko kan sukari. Ni zan kai abin da ba a taɓa gani ba a garin. Na zaɓi jan dutsen da Baba ya ɓoye tun yana raye, wanda ya ce kada a taɓa shi sai babbar rana. Na yi wata guda ina aikinsa har na fitar da guda biyu, na ɗinka musu 'yar jakar fata. Ranar da na gama na yi wanka, na nufi gidan Malam bayan azahar, na same shi shi kaɗai a rakuba, wato rumfar ƙofar gidansa.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa jakar da hannu biyu. Ya zazzage a tafinsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya dubi duwatsun, ya dube ni, ya waiga hagu da dama, sannan ya rufe hannunsa da sauri. Ni kuma na ce a raina, ka ga, kyau ya ruɗa shi.

"Kai kay yi wanga?" Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ni niy yi shi, Malam, da hannuna. Na ga kai ad daidai da shi, tunda kai gwani na."

"Gwanin mi?"

"Haba Malam, ai ba ɓoyayyen abu ba na. An ce can baya har kwana kaka yi kana yi, ba ka tashi sai asuba."

"Wa yag gaya maka?"

"Kowa ya sani, Malam. Ni ma na hwara taɓawa kaɗan-kaɗan. Har Inna na koya ma, yanzu kullum tana bisa."

Malam ya tura duwatsun cikin aljihu, ya tashi ya shige gida ko sallama babu, ya bar takalminsa ɗaya a rakuba. Na ɗauka tawali'u ne irin na malamai, ba sa son a yabi ibadarsu a gabansu. Na ajiye masa takalmin a bakin ƙofa na tafi gida ina jin kaina a sama.

Daga nan komai ya rikice mini. In na gaishe shi a masallaci sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ranar Juma'a ya yi huɗuba a kan masu tonon asirin musulmi, kuma na rantse sau biyu muna haɗa ido (na ma gyaɗa masa kai don ya san ina tare da shi). Maganar sa rana da aka ce za a yi bayan sati, shiru. Kawuna ya je tuntuɓa aka ce Malam ba ya jin daɗi. Na zauna na yi ta lissafin laifina. Ko dutsen ya yi ƙanƙanta? Ko da na haɗa da goro? Ko ja ba launin malamai ba ne? Babu abin da ban zarga ba, in ban da abu ɗaya da ya kamata in zarga.

Sai na tare Hajara a bakin tur'a. Ta sauke tulu, ta riƙe ƙugu.

"Kai, mi kab ba Baba?"

"Kyauta ta, ta manya."

"To tun randa kaz zo bai ci abincin kirki ba. Shina zaune shina kallon bango. Jiya ya tambaye ni ko kana da yawan magana cikin mutane."

"Mi kic ce?"

"Na ce ba ka da komi sai ita." Ta ɗauki tulunta, sannan ta juyo, muryarta ta sauka. "In wani abu kay yi, ka gyara. Ni ba ni son a sake maida kayan wani."

Na ga Hajara na neman kuɓuce mini, kuma ban san ta wace ƙofa ba. Da yake ni mai hankali ne, sai na gano matsalar da kaina: na ba liman kyauta na tsallake Maigari, shi ya sa Malam ke jin nauyin fito da ita. Na koma kan faifai na fara wasu biyun.

Abin da ban sani ba, matar Malam ta ci karo da duwatsun a aljihu wajen wanki. Ta ga sun yi kyau, ta shiga nuna wa mata abin da saurayin Hajara ya kawo. Daga hannu zuwa hannu har suka isa gidan su Sale Direba, shi kuma ya dawo daga Madani a ranar. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama gari, in ban da gidanmu.

Bayan la'asar aka aiko wai ana nemana a rakubar Malam, dattawa sun taru. Na ce Alhamdu lillahi, sa rana! Na zura babbar rigar Baba wadda ta yi mini yawa, na shafa turaren Inna, na saka sababbin duwatsun Maigari a aljihu. Da na isa na ga mutane sun fi na sa rana yawa, har a kan katanga akwai kawunan mata. Maigari yana kan angare, wato gadon igiya, Malam a gefensa fuska ba annuri, Sale kuma yana tsaye ya harɗe hannu yana murmushi. Na yi mamakin ganinsa, amma na ce Allah sarki, ya yi haƙuri ya zo taya ni murna.

Maigari ya nuna duwatsun a kan tabarma. "Yaro, kai kak kawo ma liman wanga?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Kuma ban manta da kai ba." Na zaro nasa na ajiye a gabansa.

Wurin ya ɗauki salati. Wani tsoho ya ja da baya kamar na ajiye kunama.

Sale ya tako gaba. "Ya jama'a, kun gani ko? Wallahil azim wanga zahar na! Da shi aka yin caca Madani, gidajen shayi, mutum shi rasa jakinai, shi rasa rigatai. Ni karta kawai anka ce an gane ni da ita, anka kore ni. Wanga kau shi ka sassaƙa ta da hannu, har shi kawo ma liman gida!"

Kalmar caca ta shiga kunnena amma ta rasa wurin zama. Na dubi Sale, na dubi duwatsun. Wace caca? Ina wurin? Ina kartar? Tausayinsa ma na ji, na ce hassada ta sa bawan Allah ya fara sambatu.

"Sale," na ce da shi a hankali, "ka ji tsoron Allah. Kayan ibada na."

Maigari ya daɗe yana kallona. Tsoho ne mai wayo, ya ga abin da sauran ba su gani ba. Ya ce, "To, nuna muna yadda aka aiki da shi."

Jama'a, na nuna. Da ma a ce na yi sauri na gama, da da sauƙi. A'a. Sai da na nemi aron carbi. Na ce a matsa mini. Na gyara rigar Baba, na fuskanci alƙibla, na jera duwatsun a gabana kowanne ɗigo ɗaya a sama. Na ja carbi har ya zagayo, na sa yatsa biyu na juya dutsen zuwa biyu, na ɗago na dubi dattawa don in ga ko suna biye da ni. Na yi musu bayanin kaza. Na yi musu bayanin aikin na biyun. Har na ƙara da cewa na Afandi gefensa a goge yake, shi ya sa yake ta birgima, amma ni na gyara wannan kuskure a na Malam, na bar kusurwoyin da kaifi yadda in ka ajiye shi ba inda za shi.

Shiru ya yi yawa har ina jin kukan jakin wani a bayan gari. Sai na ji wani sauti kamar ana tsiyaye tulu. Maigari ne, ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga nan rakuba ta fashe. Tsofaffin da ban taɓa ganin haƙoransu ba suka kwanta a kan tabarma. Wata mata ta faɗo daga kan katanga. Sale da ya zo kashe ni, shi ma dariya ta ci ƙarfinsa, ya durƙusa ya ɗauki na Maigari ya ce, "Ya zol," wato kai mutumina, "ga yadda aka yi," ya karkaɗa su a dunƙulen hannu ya watsa.

Daidai yadda Afandi ya yi a kan tabarmata.

A nan ne komai ya dawo mini lokaci guda. Shayin da Afandi ya yi mini alkawari. Innata tana can gida da karkataccen zahar a bakin zane. Sannan maganar da na yi wa limamin gari ido da ido, cewa shi gwani ne, kowa ya sani, har kwana yake yi. Na ji gumi ya tsattsafo mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na so in tashi in gudu, rigar Baba ta harɗe ni na koma na zauna. Ga carbin mutane a hannuna, na rasa ma wa zan mayar wa.

Wanda ya fi kowa dariya Malam Haruna ne. Ya yi har hawaye na bin gemunsa, yana ta faɗin Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi, kamar wanda aka sauke wa buhun auduga daga ka. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, na rantse ba ni ba ɗan caca ɗiyata, kuma ina nan bisa rantsuwata." Ya share ido. "Amma ban rantse bisa wawa ba. A sa rana bayan tsintar auduga."

Aka shafa fatiha ana ƙyaƙyatawa. Ni dai ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Na samu Hajara, amma a gaban gari duka an yanke mini hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Da na je gida na gaya wa Inna, ta kwance bakin zane ta dubi nata, ta ce dutse bai san caca ba, ta mayar ta ƙulle.

Kafin in bar rakubar, bayan mutane sun watse, Malam ya kira ni. Mu biyu ne kawai. Ya ce in kwashe duwatsun duka in jefa a tur'a, kada ya sake ganinsu. Na ce to. Ya tattaro su zai miƙo mini, sai hannunsa ya tsaya. Ina kallo ya ware nasa biyun, ya saƙale su tsakanin yatsu, ya hura musu iska, ya karya wuyan hannu ya sake su a kan tabarma da wani irin salo da ko Afandi bai kama ƙafarsa ba, balle Sale. Suka faɗi daɓas, ba su motsa ba.

Ya yi tsaki. "Ko zahar ɗin ma ba ka iya ba. Wanga ai ba shi ba da shida sai an..."

Na dube shi, ya dube ni. Wata kaza ta wuce ta tsakaninmu.

"Tahi gida, yaro," in ji shi.

Tun daga ranar na zama matambayi. In aka kawo mini aiki sai na tambayi sunansa, da amfaninsa, da wanda zai yi amfani da shi, har masu kawo aiki suka fara gajiya da ni. Na gane cewa "ban sani ba" kunyar minti ɗaya ce, ita kuwa "na sani" ta ƙarya tana iya bin mutum har jikoki. Amma na koyi wani abu kuma a rakubar nan, wanda ya fi wancan amfani a zaman surukuta. Daga baya na ji a bakin wata gwaggon Hajara cewa Malam ya yi shekaru a Bur Sudan yana saurayi, yana dako a bakin teku yana jiran jirgin Jidda. Na zauna da shi shekara da shekaru, na bi shi salla, na yi masa noma, da hannuna na sa shi a kabari. Na yi masa tambaya a kan alwala, da gado, da azumi, da duk abin da ya shige mini duhu. Yadda aka yi ya iya karya wuyan hannu haka, wannan kam ban tambaya ba.